Zuwa Damagaram ɗauko ɗan Iya

Liman na sallame sallar asuba na saɓi ƴar jakata, gari bai gama wayewa ba motarmu ta bar tashar Maraɗi ta miƙi hanyar gabas. Kun saba in ba ku labarin kasuwanni da iyakokin ƙasashe. Wannan karon ba fatauci ya fitar da ni ba. Ɗan ƙanwata, Lawali, zan je ɗaukowa daga wani gidan jinyar masu shaye-shaye a Zinder, wato Damagaram, inda ya yi watanni, kuma har na zauna a mota ban san inda za mu kai shi ba in an sallame shi.

Damina ta yi albarka bana. Daga Cadawa har Gazawa gero ya sunkuyar da kai dama da hagu, wasu har sun fara yanka. Kuɗin mota kuwa, abin da nake biya zuwa da dawowa a shekarun baya yanzu zuwa kaɗai yake kai mutum, kujerar kuma ba ta ƙara faɗi ba. A wani shinge jandarma ya karɓi katina, ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce, "Baba, wannan ƙaninka ne?" Na ce masa ni ne, kafin hanyoyinku su gama da ni. Ya yi dariya ya miƙo mini.

A Tasawa muka tsaya karin kumallo. Na sha dege, irin furar mutanen Bamako, na sha madarar raƙumi a Agadas, amma furar gero sabon daka da nono mai tsami kaɗan ba ta da na biyu a wurina. Ina cikin sha idona ya faɗa kan wani mai tallar magani, tire a kai, ƙwayoyi ja da fari da kore an jera su kamar alewa. Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya, bai sauka daga babur ba, bai ce komai ba, ya miƙa kuɗi aka damƙa masa abu ya jefa a baki. Na yi shekara da shekaru ina wuce irin tiren nan a Kwatano da Kano da Yamai, ban taɓa tsayawa na dube shi ba sai da abin ya shigo gidanmu.

Rana ta take muka hango duwatsun Zinder, manya-manyan nan da suke zaune kan juna kamar wani ya aza su da hannu. Na sauka na taka da ƙafa zuwa Birni, tsohuwar unguwarmu, don mota ba ta da abin yi a lungunanmu. Yashi ya cika mini takalmi yadda yake yi tun ina yaro, warin jimar fata na tashi daga zaurukan dukawa. A gidanmu na gado na tarar da ƙanwata. Ta taso daga ƙauyensu na wajen Guna tun safe, ta biyo motar Mirriya, da ƙullin ƙuli-ƙuli da dakuwa a gefenta.

Sai in gaya muku yadda abin yake. Lawali ɗan farinta ne, kun kuma san halinmu da ɗan fari. Tun da aka yaye shi mahaifiyarmu, wadda duk muke kira Iya, ta ɗauke shi ya dawo Birni. Ita ta goya shi, ita ke masa wasan jika, ita ke zaginsa ta kuma ɓoye masa nama. Uwar da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa dubansa ido cikin ido ta yi masa magana ba. In zancensa ya kama sai ta ce "ɗan Iya". Mahaifinsa ya rasu da wuri. Da Iya ita ma ta rasu, yaron ya kama ɗakin haya kusa da tasha ya shiga kabu-kabu. Taramol ya fara sha don ya jure rana da gajiya, daga ƙwaya ɗaya zuwa abin da ba ya ƙirguwa, har ranar da ya faɗi yana shure-shure a bakin titi. Wasu bayin Allah suka kai shi likita, daga can aka haɗa mu da gidan nan.

Kashegari da hantsi muka tafi. Gidan yana bayan gari, wata ƙungiya ce ke tafiyar da shi da taimakon jama'a, ba don riba ba. Na shiga da fargaba, don na taɓa ganin wani gidan mari a wata ƙasa inda aka ɗaure samari da sarƙa kamar awakin da za a kai kasuwa. A nan ban ga sarƙa ba. Ƙofa dai a kulle take, kuma mai gadi ya kwance ƙullin ƙanwata ya farfasa dakuwar ɗaya bayan ɗaya. Ta ɓata rai. Ya ba ta haƙuri, ya ce an sha kawo musu ƙwaya a cikin tsaraba, wani lokaci ma uwa ce ke ɗaukowa ba ta sani ba, abokai suka ba ta saƙo.

Tsakar gidan a share take. Kowa ya san wahalar ruwa a Zinder, to su sun haƙa ƴar hanya daga wurin alwala zuwa wani ɗan lambu, ruwan da aka wanke fuska da shi shi ke shayar da zogale da yakuwa. A wata rumfa wani tsohon baduku na koya wa samari ɗinkin jaka. A gindin bedi na tarar da wani dattijo da farar riga fes, tsohon ma'aikacin gwamnati, muka gaisa da Faransanci irin na ƴan lakwal, makarantar boko ta da. Shi giya ce ta kawo shi. Ya ce shekara da shekaru yana sha a ɓoye yana tauna kanumfari kafin ya shiga gida, yana ganin ya iya dabara, ashe har jikokinsa sun sani. Yana magana na ciro goro na ɓantara. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, na nawa ke nan tun safe?" Na ce ban ƙirga ba. Ya ce, "Haka duk muke cewa. Akwai gado kusa da nawa." Samarin rumfa suka fashe da dariya, na mai da goron aljihu.

Wanda ke riƙe da gidan tsohon ma'aikacin jinya ne, kowa Majo yake ce masa. Ya shigar da mu wani ɗaki mai tabarmi, aka kira Lawali. Ya yi ƙiba kaɗan, hannunsa ya daina rawa, amma idonsa a ƙasa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya juya ya gaida uwarsa. Ta amsa tana kallon bango.

Majo ya ce, "Alhaji, namu mun yi. Jikinsa ya saki ƙwaya. Amma wanda muka sallama ya koma ɗakin haya a bakin tasha ba ya daɗewa ake dawo mana da shi, in an yi sa'a ke nan. Ba ma buɗe ƙofa sai wani ya faɗa a gabansa, da bakinsa, cewa ya karɓe shi."

Na ce ai da sauƙi, ya bi ni Maraɗi. Majo ya tambaye ni ko ina zama gida. Duk wanda ya san ni ya san amsar, kullum ina kan hanya.

Lawali ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri. A gidanka ni baƙo ne, za a yi ta ɓoye kaya in na shigo." Ya ƙara da cewa, "Tun da Iya ta rasu ba wanda ya taɓa cewa in zo abinci ya yi."

Ƙanwata ta gyara mayafi, ta ce, "Yaya, ka gaya wa ɗan Iya gero ya nuna, ba mai yanka."

Majo ya ce, "Hajiya, ga shi nan gabanki, ba ya Maraɗi."

"Yaya, ka gaya wa Majo ni ba ƴar zamani ba ce."

Na ga Majo ya danne dariya. Ya yi ta lallashi, ta ƙi. Da ta tashi ba shi ƙuli-ƙulin ma wajena ta turo, ni na miƙa masa. A ƙarshe Majo ya ce ya ji, girbi ma gayyata ce, zai karɓa a haka. Ya tambayi Lawali ko ya yarda ya je ƙauye. Yaron ya ce to, irin to ɗin da ake ce wa babba don a rabu lafiya, nan take kuma ya tambaya ko babur ɗinsa na wajen abokinsa har yanzu. Tambayar ba ta yi mini daɗi ba. Da Majo ya rako mu ƙofa ya ja ni gefe ya ce, "Ku wuce da shi kai tsaye. Kada ku bari ya tsaya gaisuwa."

To amma motar Mirriya a tasha take, tasha kuwa ita ce tsohon gidansa. Muna isa na shiga ciniki da ɗan kamasho kan kujerar gaba, saboda gwiwoyina ba sa son baya. Ni da nake alfaharin na iya rigimar tasha da harshe huɗu, na duƙufa ina yi, na ba yaron baya. Abin da ya faru daga baya na haɗa shi. Ƴan kabu-kabu sun hango shi, suka yo caa suna "Jirgi! Jirgi ya dawo!", sunan da suka laƙaba masa saboda gudu. Suka rungume shi, wani ya ja hannunsa yana cewa ya zo ya ga babur ɗinsa an sa masa sabuwar taya, yanzu zai dawo. Suka yi gaba da shi can wajen rumfar mai shayi, inda wani mai tire yake tsaye.

Ƙanwata ce kaɗai ta gani. Ta ja mini riga, na ce ta dakata in gama. Ta ɗaga murya ta ce, "Kai! Kai!" Maza da yawa suka waiwayo, ban da shi. Hayaniyar tasha, ƙahon motoci, masu tallar ruwa. Ya riga ya ɗora hannu kan babur, wani yana cusa masa abu a aljihu.

Sai na ji wata murya a bayana da ban taɓa ji ba, ko da yake tare muka tashi da mai ita.

"Lawali!"

Na juya. Ƙanwata ce tsaye a tsakiyar tasha, mayafinta ya zame. Yaron ya ƙame inda yake. Ya waiwayo a hankali kamar bai yarda da kunnensa ba.

"Lawali, zo mu tafi gida. Mota za ta tashi."

Ya ce, "Na'am, Inna." Ya sa hannu a aljihu ya ciro abin da aka sa masa, ya ajiye kan kujerar babur, ya taho. Abokansa na kiran Jirgi, bai juya ba.

Kujerar gaban da na sha wahala a kanta na bar wa wani, muka matsu a baya mu uku. Har Mirriya ƙanwata ba ta buɗe fuskarta ba. Da muka sauka kusa da masu tukwane, yaron ya je ɗauko jaka daga saman mota, ta matso ta ce, "Yaya, in ka gaya wa mutanen Birni, ni da kai ne." Na ce mutanen Birni ba za su ji daga bakina ba. Ku da kuke karantawa, ku rufa mini asiri.

Amalanken shanu muka samu zuwa ƙauye, muka isa da la'asar sakaliya. A nan na ga abin da ban zata ba. A gefen ɗakinta akwai wani ɗaki da aka yi wa sabuwar jinka, an daɓe ƙasa, an shimfiɗa sabuwar tabarma, ga buta ga randa. Maƙwabciyarta ta ce tun farkon damina take aikinsa, ita ke ɗebo ƙasa da kanta, in an tambaye ta sai ta ce na ajiyar hatsi ne. Lawali ya daɗe tsaye a ƙofar bai shiga ba.

Kwana na yi na juyo. Hanyar dawowa ba wani labari, sai tayar da ta fashe mana bayan Takeita, muka zauna gindin gawo muna cin ɗanyar gyaɗa. Na shiga Maraɗi ana kiran magariba.

A hanya na yi ta juya abin a raina. Na ga ƙasashen da uwa ke rungume ƙaton ɗanta a gaban jama'a, na ga Fulanin da kunyarsu ta fi tamu tsanani, kuma a duk wuraren nan na ga ƴaƴan da suka shiryu da waɗanda suka lalace. Ba na cikin masu cewa a zubar da kunya. Amma waɗanda suka bar mana ita ba haka kawai suka bar ta ba: uwa ta kau da kai ne saboda akwai kaka da za ta kira, ta zaga, ta ciyar. Iya ta rasu, muka yi sadaka muka watse, ba wanda ya tambaya wa zai ci gaba da kiran yaron nan. Masu tire da ƴan tasha su suka kira shi. Gidan jinya ya raba jikinsa da ƙwaya, Allah ya saka wa masu aikinsa, amma Majo bai taɓa ce mana ya warke ba, ni ma ba zan ce muku ba.

Jiya na buga waya ta hannun maƙwabciyar. Na tambayi ƙanwata yaya yaron. Ta ce, "Ɗan Iya yana gona." Ashe an koma gidan jiya. Na ce to in ya daɗe bai dawo ba fa? Ta ce takan fita bakin gona ta kira shi, abinci kada ya huce. Ban tambaye ta da wane suna ba.