Hoton Tía Saturnina

Nicanor Huallpa ɗan tsauni ne, daga wani ƙauye a bayan Puquio, amma tun yana saurayi ya gangaro Chala da ke bakin teku, ya zama yaron mota, daga baya ya kama sitiyari. A nan ya auri Eduviges mai suyar kifi a bakin titi, suka haɗa guminsu suka sayi tsohuwar a-kori-kura. Yakan hau tsauni da busasshen kifi da gishiri, ya sauko da dankali da cuku, haka ya ci da iyalinsa. Mutum ne marar yawan magana, ga tsantseni. Ko ɓawon lemo ka yar masa a mota, sai ya tsaya ka tsince.

Wata shekara, bayan ruwa ya ɗauke a tsauni, wani mai ɗaukar hoto daga Lima, Don Ramiro Bellido, ya yi shatar motarsa. So yake a bi da shi gaɓar teku, sannan a hau tsauni. Hoton baƙi da fari kawai yake ɗauka. Ya ce launi na masu kalanda ne, gaskiya ba ta kwalliya. Nicanor ya gyaɗa kai, don ba a kan wannan aka ɗauke shi ba.

Tun a bakin teku abin ya fara tsaya masa a wuya. Sun tarar da mushen wani ƙaton karen teku ya kumbura, angulaye sun farke cikinsa, wari kamar ya kayar da mutum. Don Ramiro ya ce wurin da mushen yake bai yi ba, a ja shi kusa da kwale-kwalen masunta. Nicanor ya ɗaura masa igiya ya ja da mota, fatar tana saluɓewa a kan yashi. Igiyar ma a nan ya bar ta. Daga nan mutumin ya tara masunta, ya sa wannan ya cire agogo, wancan ya ɓoye rediyo, ya ce kowa ya daina dariya.

"Don Ramiro, wandon ma in tuɓe?" in ji wani tsohon masunci.

Aka fashe da dariya, Don Ramiro ya jira har fuskoki suka gaji suka ɗaure, sannan ya danna.

Da suka fara hawa, ciwon tsauni, mai sa jiri da amai, ya kama Don Ramiro. Nicanor ya miƙa masa ganyen koka, maganin ciwon a wurin mutanen tsauni, ya tauna, ya ture hannun, ya ce shi ba tunkiya ba ne. Ba su yi nisa ba ya kelaya amai a gaban mota, har cikin ramin da iska ke shigowa. Nicanor ya tsaya a bakin wani rafi yana wankewa, hannunsa na ƙanƙara, shi kuwa gogan yana kwance a kan dutse yana nishi.

Amma aman bai dami Nicanor kamar tafinta ba. Don Ramiro ba ya jin Kecuwa, harshen mutanen tsauni, don haka duk abin da yake so ta bakin Nicanor yake fita. Shi ne zai ce wa mace mai kiwon tumaki, sa'ar mahaifiyarsa, ta cire takalmi ta tsaya a kan raɓa. Shi ne zai ce a kawar da bokitin roba, a tuɓe wa jinjiri sabuwar hula. Kowace kalma yakan ji ta kamar ya tauna ruɓaɓɓen ƙwai.

Duk da haka ya kai shi ƙauyensu, domin ya riga ya aika wa Tía Saturnina cewa yana tafe da mai hoto. Gwaggonsa ce, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsa, kuma ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. Suka tarar ta shafe ɗakinta da farar ƙasa, ta share tsakar gida. Ta sa jan siket ɗinta mai ɗinkin furanni, da mayafin biki, da hula mai fure a gefe. Ta yanka ɓeran Masar mafi ƙiba cikin waɗanda take kiwo a ɗakin girkinta, ta soya da dankali.

Don Ramiro ya dube ta sama da ƙasa, ya ce haske ya tafi, sai gobe. Wurin cin abinci Nicanor yana kallo baƙon ya zura naman ƙarƙashin benci ya ba kare, ya goge yatsunsa da saƙar da ta shimfiɗa masa.

Da safe Nicanor ya tafi ɗebo wa mota ruwa. Da ya dawo sai ya tarar da mutumin tsugune a ƙofar ɗakin girki yana ta dannawa. Tsohuwar na durƙushe a ciki, gashi a warware, da yagaggen mayafin kwana, tana hura wutar kashin shanu, hayaƙi ya sa hawaye da majina sun wanke mata fuska. Ba ta ma san yana nan ba. Da ta ankara ta rufe fuska da hannu biyu.

"Papay, ka yi haƙuri in shirya tukuna," ta ce wa baƙon, da kiran girmamawa irin na mutanen tsauni.

Ta shiga ta daɗe tana shiri, ta fito ta tsaya tsakar gida ƙyam, hannuwa a gefe, ko ƙiftawa ba ta yi. Don Ramiro ya ɗauko wata kyamara daban ya danna sau ɗaya, ya ce shi ke nan. Ta cika musu mota da dankali da cuku, ta roƙi a aiko mata da hoton.

Sun yi nisa a hanya Don Ramiro ya kwashe da dariya, ya ce ai waccan kyamarar babu fim a ciki, ba zai ɓata fim a kan kayan biki ba. Nicanor ya ci gaba da tuƙi har suka shiga Puquio. A dandalin garin ya tsaya, ya sauke jakunkunan mutumin a ƙasa.

"Mota ta lalace, Don Ramiro. Ka nemi bas."

"Wace irin lalacewa? Ga inji yana ta ruri."

"To ta lalace."

Don Ramiro ya zazzage shi da zagi, ya kira shi baƙauye, ɗan dutse marar godiya. Nicanor ya ja motarsa ya gangara gida.

Duk direban da ya sauko daga ƙauyen sai ya kawo saƙon Tía Saturnina: ina hotona? Nicanor yana ta kame-kame. Sai wata rana a shagon aski ya buɗe wata mujalla ta Lima, ga gwaggonsa shafi guda cur, baki buɗe, fuska jage-jage, an rubuta a ƙasa wai yunwa ce a tsauni. Matar da rumbunta bai taɓa yankewa da dankali ba, mai garken tumaki. Ya yage shafin, ya kai gida ya cusa a murhun suyar kifi.

"Kai ka kai shi har ƙofar ɗakinta," in ji Eduviges, ba ta ko ɗago daga kasko ba.

Hawansa na gaba Nicanor ya ɗauko tsohuwar da kayan bikinta a ƙunshi, ya kai ta wurin mai hoton akwati a dandalin Puquio, ya ce mata na mutumin Lima ya ƙone wurin wanki. Mai akwatin ya zaunar da ita a kujera, ya gyara mata hula, ya kira ta mamita, wato uwa. Da hoton ya fito ta juya shi, ta kai shi kusa da ido, ta ce jan siket ɗin ya zama toka, kuma an ƙara mata hanci. Duk da haka ta naɗe shi a ƙyalle ta sa a ƙirji.

Ta ƙara shekaru masu dama kafin ta rasu, ba ta taɓa jin labarin mujallar ba. Nicanor ya ci gaba da hawa da sauka har gwiwoyinsa suka gaza, ya bar wa mijin 'yarsa motar, ya koma taya Eduviges fere kifi.