Sunan da Aka Aike Ni Makka In Sa a Canza

Asubar Talata muka bar Zariya, mu huɗu a mota ɗaya, gari bai gama wayewa ba muka wuce Kwanar Dangora. Niyyar kowa Umara ce, amma ni akwai wani aiken a wuyana. Ƙanina, autanmu, shekara goma sha ɗaya ke nan yana Makka. Aikin Hajji ya je ya maƙale, babu takardar zama, can kuma ya yi aure. A Hajjin da ya wuce aka haifa masa 'yarsa ta fari. Kowa a gidanmu ya sa rai sunan Hajiyarmu za a sa, sai ga waya wai an raɗa wa yarinya Galini. Hajiya ta ce a maimaita mata, ya maimaita, ta kashe wayar. Wata huɗu ke nan ba ta ɗaga kiransa.

Wata 'yar gwaggonmu mai shegen binciken waya ce ta ƙara hura wutar. Ta zo ta ce sunan Girkawa ne, har ma a tatsuniyoyinsu na dā akwai aljanar ruwa mai wannan suna. Ranar da zan tafi Hajiya ta ce, "Ki gaya masa ko ya canza, ko ya nemi wata uwar." Ta haura saba'in, ga hawan jini, shi kuma in ya fito ba zai koma ba. Wayar nan ce kaɗai ta rage tsakaninsu. Ni ma haushinsa nake ji, har na tsara faɗan da zan zazzage masa.

A filin jirgin Kano aka ce kayana sun yi nauyi, saboda kuka da daddawa da yajin da 'yan uwa suka ɗora mini. Abokiyar tafiyata ta karɓi rabi tana mita, wai ita Umara za ta, ba cin kasuwa ba. Kusan awa biyar muka yi a sama. Daga Jidda bas ya kwashe mu, hanya sumul, ko rami ɗaya ban ji ba, sai duwatsu baƙaƙe hagu da dama. Da na hango Ka'aba duk faɗan da na tsara ya fice mini daga kai, kuka kawai na yi. Muka yi ɗawafi da sa'ayi, muka isa masauki a unguwar Aziziyya ƙafafuna kamar ba nawa ba. Can ɗaki ya fi sauƙi, amma kowace salla sai an hau bas. Da safe tamis muke ci, wani faffaɗan gurasa mai zafi, da dafaffen wake, shayi riyal biyu. Na daina juya riyal zuwa naira tun rana ta biyu, don kada abincin ya tsaya mini a wuya.

Rana ta uku na nufi Utaibiyya, inda ƙanina yake zaune. Mai tasi ya ce talatin, na ce sha biyar, muka tsaya a ashirin kowa yana ganin an cuce shi. Unguwa ce tsohuwa, lunguna matsattsu, gidaje a kan juna, hawa da gangara. Ka ji Hausa ta wannan taga, Larabci ta waccan, wani lokacin duka biyun a baki ɗaya. Ƙanina ya rame, furfura ta fara masa a gemu. Ɗakinsu ɗaya ne da ɗan madafi. Matarsa ta yi mini tuwo da kukar da na kawo, ta ɗora mini jaririyar a cinya. Yarinya kamar an tsaga kara da Hajiya, har goshin.

Bayan na ci na ce, "Kai auta, sunayen duniya sun ƙare ne?"

Ya sunkuyar da kai. Matar ce ta ce, "Yaya, bari ni in faɗa, shi kunya yake ji."

Ashe da cikin wata tara take shara a wani benen alhazai a Aziziyya, shi kuma ya tafi Mina tura keken tsofaffi, don aikin kwanakin nan shi ke riƙe su rabin shekara. Safiyar Arfa, alhazan benen suna ta shiga bas, naƙuda ta kama ta a matakala. Kowa sauri yake, sai wata dattijuwa fara da ta riga ta sa ƙafa a bas ta sauko. Bagirkiya ce, ta musulunta da girmanta, ungozoma ce da ta yi ritaya. Ta ce a kira motar asibiti, matar ƙanina ta riƙe mata hannu tana roƙon kada a kira, don tsoron a tambaye ta takarda. Direba ya yi ta "yalla, yalla", dattijuwar ta yi masa alamar ya tafi. Haihuwar ta zo da gardama, jini kuma ya ɓalle bayan ta sauka. Dattijuwar ba ta bar ta ba sai da gari ya sake wayewa.

Na ce, "Arfar fa?"

Ta ce, "Halas, Yaya, shi ke nan. Ba ta samu ba. Shekara tara tana jiran kujerar nan."

Duk wanda ya san Hajji ya san in babu tsayuwar Arfa babu shi. Ƙanina ya ce bai iya gaya wa Hajiya ba, don da wane baki zai ce ya bar mai ciki tana shara ya tafi neman riyal? Ya gwammace a ce ya yi rashin kunya da a san halin da suke ciki. Na ce masa wauta ce, don wautar ce.

Sunan dattijuwar ke nan Galini, kuma ba ta canza shi ba da ta musulunta. Suka nuna mini saƙonninta, Larabcinta guntu-guntu, da hoton teku a bakin garinsu. Ta ce kalma ce ta yau da kullum a harshensu, yadda teku ke kwanciya lif bayan iska ta lafa, daga nan ta zama ta natsuwar zuciya. Kusan Sakina ke nan a wajenmu. Maganar tatsuniyar aljanar gaskiya ce, akwai ta, amma daga kalmar aka samo ta, kuma ƙanina ya tambayi malamin masallacinsu ya ce in ma'ana mai kyau ce babu laifi. Ko a ƙasar Girkawan sunan ba shi da yawa, dattijuwar ta ce mutum biyu ta taɓa haɗuwa da su masu shi. Abin da ya ba ni mamaki, su ma sunan kaka suke mayar wa jika, kamar mu. Ita ma na kakarta ta ci. Allah bai ba ta haihuwa ba.

Washegari aka kai mu ziyara. Muzdalifa fili ne fetal, ba kowa sai fitilu da banɗakuna a jere. A Arfa masu raƙuman hoto suka dame mu, abokiyar tafiyata ta hau ɗaya tana salati. Ni na koma gefe na yi wa dattijuwar addu'a Allah ya sake kiranta. Kwana goma muka yi, na sayi dabino da zannuwan salla, aka sake cewa kayana sun yi nauyi.

Da na iso gida, Hajiya ko zamzam ba ta bari na sauke ba ta ce, "Ya canza?" Na zauna na ba ta labari, ban rage komai ba, har sharar. Tafiyar nan ta koya mini in ji dalilin mutum kafin in tsara masa faɗa, kuma na gane 'yan uwanmu na can suna ɓoye mana wahala fiye da yadda muke zato.

Hajiya ta gyara zama. Can ta ce, "Jikokina nawa ne masu sunana?"

Na ce uku.

"Ita baiwar Allahn fa?"

Na ce babu ko ɗaya.

Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "To a bar mata wannan. Kira mini auta."