Kazar Robar da ta Kai Mu Mirriya

Har yau ban manta da ranar Lahadin da muka bi kazar roba har Mirriya ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, kuna ganin janye kaya daga hannun jama'a magana ce ta hatimi da mota, to ku gyara zama.

Lokacin ina mai binciken kaya a ofishin kasuwanci na jiha, nan Damagaram. Mu ne 'yan kasuwa ke kira 'yan kwanturol, da sun hango mu su fara jan buhu suna rufe abin da ba mu ma tambaya ba. Bayan kaka ne aka aiko mana umarni daga Yamai a kan wata kazar wasan jarirai. Ta roba ce, rawaya, ba ta fi tafin hannu ba, in an matsa cikinta sai ta yi kuka. Abin da ke kukan ɗan usur ne kamar ƙwayar gyaɗa, a liƙe a ƙarƙashinta. Idan yaro ya yi ta tsotsa, robar ta yi laushi, sai usur ɗin ya fita ya wuce maƙogwaro. A makon nan aka kai wani jariri asibiti numfashinsa na sarƙewa, Allah Ya taimaka likitoci suka ciro shi. Ni na je na ga uwar yaron a bakin ɗakin da aka kwantar da shi, kuma tun daga ranar na daina jin kukan kazar nan a matsayin wasa.

Ƙa'idar aikin ba ta da wuya. A zagaya shaguna, a tattara abin da ya rage, a rufe a sa hatimi, a ajiye har ranar ƙonawa. Sannan a ba da sanarwa a rediyo, a gaya wa masu unguwa, duk wanda ya saya ya dawo da ita. Shagunan ba su ba mu wahala ba. Alhajin da ya shigo da kayan da kansa ya buɗe mana sito, yana ta salati, don shi ma yana da jikoki. Amma sanarwar, kamar mun yi wa bango magana. Rediyo ya yi ta faɗa safe da yamma, babu mace ɗaya da ta tako ofis da kaza a hannu.

Shef ɗinmu, wato shugaban ofis, ya kira ni biro ɗinsa, ɗakin da yake aiki, ransa a ɓace. Ya ce, "Madam Zainabu, mutanen nan ba sa jin rediyo ne?"

Na ce, "Suna ji, Shef. Amma wadda ta saya ba ita ke da kazar ba."

Shi ma ɗan gari ne, nan take ya dafe kai. A nan wace uwa ce za ta shiga kasuwa ta saya wa jaririnta abin wasa? Kayan barka ne. Ka saya ka kai gidan suna, ka ɗora a kan sabulu da atamfa. Wadda ta saya ba za ta koma ta ce a ba ta kyautarta ba, abin kunya ne. Wadda aka bai wa kuma ba za ta ɗauki kyautar mutane ta kai wa hukuma ba, sai a ce ta raina. Kaza tana nan a tsakani, a bakin yaro.

Alhajin ne ya tuna mana da Hajiya Falmata ta unguwar Kara-Kara, wadda ta ɗauki kwali guda ita kaɗai. Dattijuwa ce mai sayar da turaren wuta, asalin iyayenta Barno, kuma ba a yin suna a unguwar ba ta je ba. Na same ta da safiyar Lahadi tana gyara kasko. Da na yi mata bayani, sai ta kalle ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Ke 'yar nan, da girmana in bi gida gida ina roƙon abin da na bayar? Gobe da wane ido zan shiga suna?"

Ni ba ni da dogon haƙuri, kun sani. Na ciro kaza ɗaya daga jakata, na danna ƙarƙashinta da babban yatsa, usur ɗin ya faɗo a kan tabarmarta. Na ce, "Hajiya, wannan ne ya kusa kashe ɗan mutane."

Ta ɗauka ta jujjuya. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da mayafi da ƙullin turare cike da kwano. Ta ce, "Ba karɓa za mu je yi ba, musanya za mu yi. In na ajiye turare na ɗauki kaza, ba wanda zai ce Falmata ta ƙwace kyautarta."

Haka muka yi. Malam Idi direba ya ajiye motar ofis nesa, don kada a ga tambarin hukuma a ƙofar gida. Hajiya ta shiga gaba da sallama, ina biye kamar 'yar rakiya. Ta tambayi mai jego, ta yi wa jariri wasa, ta ajiye turare, sannan ta ce, "Kazar nan tawa ba ta da lafiya, a ba ni ita." Wasu suka yi dariya, wasu da suka ga usur ɗin suka rungume 'ya'yansu. A wani gida a ƙarƙashin gado muka samo ta, a wani kuma akuya ta riga mu, ta tauna rabi. Kafin azahar jakata ta cika da kaji, in mota ta faɗa rami sai su yi ta kuka gaba ɗaya, Malam Idi yana cewa yau ya zama ɗan kaji.

Da muka dawo ƙofar gidanta, na yi godiya, amma Hajiya ba ta sauka ba. Tana ta murza bakin mayafi. Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Akwai ta maigidana, a Mirriya."

Na gane jikanta take nufi, don da sunan nan kaka ke kiran jikanta namiji. Na ce, "Ɗan wa?"

Ta ce, "Ɗan waccan."

Ba sai an yi mini fassara ba. 'Yarta ce ta fari. Hajiya irin mutanen da ce, ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta nuna ta damu da ita a gaban mutane, gidan mijin 'yar kuwa ko hanyar ba ta bi. Kazar ma ba ita ta kai ba, ƙanwarta ta aika. Ta ce in ƙanwar ta dawo daga tafiya za ta sake aika ta. Na tambayi watannin yaron, ta ce ya fara haƙori. Yaro mai haƙori kuwa ko takalmi ya samu baki zai kai. Na karɓi lambar 'yar na kira, waya a kashe. Na ce wa Malam Idi ya juya mota.

Ranar kasuwar Mirriya ce, hanya cike da amalanke da ƙananan motocin haya. Da muka shiga gari, Hajiya ta nuna da haɓa wani gida mai ƙofar langa-langa. Ta ce, "Ga shi can. Ni a nan zan tsaya."

Na shiga ni kaɗai. A tsakar gida na tarar da wata tsohuwa tana tsince wake, ita ce Inna Hure, uwar mijin. Can gindin bishiya ga matashiya tana wanki, yaro a zaune kusa da ita a kan zani, an ɗaura masa kazar a wuyan hannu da zare don kada ta ɓace. Na gaishe su, na faɗi inda na fito da abin da ya kawo ni. Inna Hure ta ajiye faifai.

Ta ce, "Baiwar Allah, wannan daga gidan surukanmu ta fito. In ɗauka in ba hukuma? In labari ya koma Damagaram, me za a ce mun yi?"

Na ce ai surukar ce ta turo ni. Ta yi murmushi irin na wadda ta kama ka da ƙarya. Ta ce, "Hajiya ba ta aiken baƙo gidan nan."

Ina da ikon karɓa da ƙarfi, doka ta ba ni. Amma da na yi haka, kafin magariba duk kajin da ke Mirriya sun shige ƙarƙashin katifa. Na fita na leƙa tagar mota, na ce, "Hajiya, sun hana. Kuma tana ɗaure a hannunsa."

Ban taɓa ganin mutum ya yi kokawa da kansa kamar yadda ta yi a kujerar nan ba. Ta buɗe ƙofa, ta rufe, ta sake buɗewa. Sannan ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta bi bayana. Surukinta, mijin 'yar, yana zaure, dawowarsa ke nan daga kasuwa. Yana ganinta ya durƙusa, ya rasa inda zai sa kansa, ita kuma ta wuce kamar ba ta ga kowa ba.

Muna shiga tsakar gida, yaron ya cusa gindin kazar a baki yana gurzawa da dasashi. Kafin in ɗaga ƙafa, sai na ji muryar Hajiya a bayana.

"Hadiza, cire masa!"

Uwar ta fizge kazar, hannunta duk kumfa. Ta juya ta, sai ga usur ɗin ya fito rabi, yana lilo, jiƙe da yawu. Da ɗan yatsa ta taɓa shi ya faɗo. Inna Hure ta dafe ƙirji tana salati. Yaron ya ɓare baki da kuka don an raba shi da kazarsa, kuma wallahi ban taɓa jin kuka mai daɗi kamar wannan ba.

Hajiya ta ɗauke shi tana jijjigawa, tana cewa, "Haba maigida, a kan kaza za ka sake ni?" Hadiza kuwa tana tsaye, ba usur ɗin take kallo ba, uwarta take kallo, hawaye na zuba. Da za mu tafi ta rako ni zaure, ta ce mini a hankali, "Madam, tunda aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai yau."

Inna Hure da kanta ta zagaya maƙwabta da yammar nan, ta haɗo mana wasu kajin. Bayan haka Shef ya sa aka canja sanarwar. Aka daina cewa wanda ya saya ya dawo da ita, aka koma roƙon duk wadda ta kai kaza barka ta koma ta yi musanya. Daga nan kaji suka fara zuwa ofis a ƙullin zani.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, kayan da muke bi ba a shago suke ƙarewa ba. Suna shiga gidaje ta hanyar zumunci, kuma ta nan kawai za su fito. Kada ku ce mutanenmu ba sa son 'ya'yansu don sun ƙi miƙo muku abu, kunya ce ke riƙe hannunsu, sai ku nemo musu hanyar da za su bayar ba su ji kunya ba. Yaron nan yanzu yana lakwal, makarantar boko. Hajiya har yau ba ta sake taka gidan ba, kuma in ka tambaye ta Hadiza sai ta ce, "Waccan? Tana nan lafiya."