Kaset ɗin Iya Tabawa

Gidanmu na Madarumfa bai da nisa da bakin tabki. In an idar da sallar isha, kakarmu Iya Tabawa, mahaifiyar babana, takan jawo tabarma kusa da murhun da aka sauke tuwo, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi. Ƙamshin gyaɗar nan shi ne kiranmu. Mu takwas ne jikokinta a gidan, ni ce ta uku, kuma ni kaɗai take kira ƙawarta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ce, "Ga baƙuwa nan a ƙofa, ku ba ta wuri." Mu amsa baki ɗaya, "Ta shigo mu ji ta."

Ina aji huɗu a lakwal lokacin da Kawu Isa, ƙanen babana mai tuƙa kamiyo zuwa Jibiya, ya dawo da radiyo mai ɗaukar kaset biyu. Ya haɗo da kaset-kaset na waƙoƙin Indiya, da wani sabo guda wanda ba a ɗauki komai a kansa ba. Ya sa pil, wato batir, ya ajiye radiyon gaban Iya.

"Inna, ki yi musu tatsuniya, abin nan zai riƙe muryarki."

Ta leƙa shi ta gefe, ta ja zanenta. "Ya riƙe ta ya kai ina? To in ya riƙe, ni da me zan yi magana gobe?"

Muka yi ta dariya. Da ƙyar ta yarda. Daren nan ta ba mu wata tatsuniya da ban taɓa ji ba, ban kuma sake jin ta a bakin kowa ba.

Ta ce wai a wani gari wuta guda ce tak, a murhun wata tsohuwa. Kowace safiya mutane kan zo da kasko su ɗibi garwashi, kowa da ɗan icensa a hannu, ya gaishe ta, ya tambayi kwananta. Sai wani mai wayo ya gaji da gaisuwa. Ya ɗibi garwashi da yawa ya zuba a tukunya, ya rufe, ya liƙe bakin da laka. Ya shiga gari yana shela cewa ya kama wuta ya ajiye, kowa ya huta da zuwa gidan tsohuwa. Mutane suka ji daɗi. Suka ci gaba da dafa abinci da ragowar da ke murhunsu, kwana ɗaya, kwana biyu. Tsohuwa ta jira, babu mai sallama, babu mai kawo ice. Ta ƙona karan dangarta, ta ƙona kujerarta, har abin ƙonawa ya ƙare. Ranar da ruwan sama ya kashe murhun kowa, aka taru aka fasa tukunyar mai wayo, sai gawayi mai sanyi. Aka ruga gidan tsohuwa, aka tarar da toka.

"Ita tsohuwar hwa?" in ji ni.

"Ke dai ci gyaɗarki, ƙawata. Baƙuwa ta ɗauki takalminta, ta tahi."

Da Kawu ya mayar da kaset ɗin ya kunna, Iya ta dafe ƙirji ta yi salati. "Wagga tsohuwa mai muryar akuya, ni ce?" Amma sau uku ta sa aka maimaita mata. Kawu ya rubuta sunanta a jikin kaset ɗin, ya ba ni ajiya tunda ni ce mai karatu.

Ba a daɗe ba wani ɗan kasuwa ya buɗe gidan bidiyo kusa da tasha, da injin wuta mai ƙara. Fim ɗin Indiya ake sawa. Ba zan yi ƙarya in ce ban so su ba. Ba ma jin yarensu ko kalma ɗaya, amma mun gane kunyar budurwarsu, mun gane yadda ɗa ke durƙusawa ya taɓa ƙafar uwarsa, mun yi kuka tare da su kamar danginmu. Muka koyi yafa gyale irin nasu, muna ɗiga kwalli a goshi. Ɗaya bayan ɗaya muka janye daga bakin murhu. In na wuce Iya takan ce, "Ƙawata, yau ma Indiya za a tahi?" In ce, "Gobe zan zauna, Iya." Ta ce, "Allah shi kai mu." Gyaɗar da ta gasa sai da safe muke ci, ta huce.

Wata rana ƙawata Balki ta aro kaset na waƙoƙin wani fim da muke mutuwar so, an ce ta mayar kafin magariba. Na bincika gidan ban samu wanda zan kwafa a kai ba sai na Iya. Na tsaya da shi a hannu na ɗan lokaci. Na ce a raina, ai Iya na nan, ko yaushe za ta sake faɗa. Na danna.

Da damina ta faɗi, Iya ta zube a bakin rijiya. Aka kai ta asibiti a Maraɗi, aka dawo da ita ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta kuma ya ɗaure. Tana ji, tana ganewa, amma kalma ba ta fita. Kawu Isa ya zo daga hanya, ya zauna gefen gadonta ya daɗe. Can ya ce, "Rabi, ɗauko kaset ɗin nan. In ta ji muryarta, wataƙila bakin ya buɗe."

Na ɗauko. Na miƙa masa. Ya sa, ya danna, sai ga sarewa da ganga, ga siririyar muryar mace tana waƙa. Ya juya ɗaya gefen, haka dai. Ya dubi sunan da ya rubuta da hannunsa, ya dube ni. Bai zage ni ba, ya tashi ya fita tsakar gida.

Iya ta kafe ni da ido, ni kuma hawaye sun hana ni ganin fuskarta sosai. Waƙar na ta tafiya. Sai ta miƙo hannunta na hagu, ta ɗora a gwiwata, tana ɗan bubbugawa daidai da kiɗan. Har yau ban san ko lallashina take yi ba, ko kuwa cewa take in kashe. Bayan kwana goma sha ɗaya ta rasu.

Daga baya na gano cewa waƙar ƙarshe ba ta kai ƙarshen zaren kaset ɗin ba. Akwai ɗan saura, inda ake jin tarin Iya, da dariyarta, da kalma huɗu: "Ku matso, akwai wuri." Abin da ya rage ke nan.

Na girma ina ɗora wa mai wayon tatsuniya laifi, kafin na gane ba shi kaɗai ya kashe wutar ba. Duk garin ne suka ji daɗin hutawa da gaisuwa. Haka ban ɗora wa Indiyawa laifi ba, su ma suna da kakanni, kuma na tabbata akwai wadda aka bari ita kaɗai da labarinta a can. Ba kwafar waƙa ce babbar asarata ba. Dararen da na ce gobe ne.

Kwanan baya 'yata Hadiza, wadda ke karatu a Yamai, ta karanto mini wani labari a wayarta. Wai yanzu akwai na'urar da in ta ji ɗan guntun muryar mutum, sai ta yi magana da muryar tamkar shi, ko da ya mutu. Ta ce, "Mama, ki ba ni kaset ɗin. Duk abin da kika rubuta, Iya za ta faɗa miki."

Na kwana ina juya maganar. Na san abin da zan rubuta, jimla ɗaya ce: na yafe miki, ƙawata. Kuma na san da zarar na ji ta, zan tuna cewa ni na rubuta.

Da safe na ce wa Hadiza ta bar shi.