Makullai Biyar a Aljihu Ɗaya

A ƙungiyarmu ta 'yan dako a Sabo, da can littafi ɗaya ke ɗauke da sunan kowa da garinsu da lambar wayar danginsa. Sai sakatarenmu, wanda ya yi karatun kwamfuta, ya mayar da bayanan kan wani tsari da ake kira bulokcen. Ya ba mutum biyar makulli, har da ni, kowanne wasu kalmomin sirri ne a takarda. Sai uku sun amince ake buɗe bayanin mutum, don kada wani ya riƙe mu shi kaɗai.

To amma wa zai riƙe makulli alhali Baba, shugabanmu, yana zaune? Na je na durƙusa na miƙa masa nawa, ban gaya wa kowa ba.

Ranar da mota ta buge wani ɗan dako a Bodija, aka shiga neman danginsa. Baba kuwa yana hanyar Sakkwato, wayarsa a kashe. Na hau babur ɗin haya na bi sauran masu makulli ukun ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Ashe su ma sun kai masa nasu! Na kasa zama, ina ta zirga-zirga a ƙofar asibiti ina faɗa: wane irin sakarci ne wannan?

Sakatare ya bari na gama, sannan ya ce, "Malam, naka fa?"