Baba da Sallahun Bakin Teku

Da hantsin ranar Talata, ina cikin aji ina rubutu a allo, wayata ta yi ta ruri a jaka. Ba na ɗaukar waya a gaban ɗalibai, amma da na ga kiran yayana Nasiru har sau uku, sai na fita baranda. Bai ja zance ba. Ya ce, "Hadiza, sai haƙuri. Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe Baba ya dawo daga masallaci, ya karya kumallo, ya zauna a zaure ya jingina da bango kamar yadda ya saba, bai ƙara tashi ba. Saura kwana tara ya kama hanyar da ya shekara uku yana shiryawa.

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu ban san yadda na je ba. Na dai tuna mun wuce fadamar Ambursa, shinkafa ta yi kore shar, ina kallo ina kuka. Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa.

Malam Umaru ne sunansa, amma duk Argungu Baba Direba aka san shi. Cikin masunta aka haife shi, ya bar taru ya kama sitiyari, ya yi ta tuƙa motar wata ma'aikatar gona har ya yi ritaya. Babu lungun Arewa da tayarsa ba ta taka ba, amma ta kudu bai taɓa wuce gadar Jebba ba. Wannan abu ya tsaya masa a rai. In ya je gulbi yana alwala, yakan ɗebo ruwa a tafin hannu ya ce, "Ruwan ga ya riga ni ganin teku. Shi bi kogin Kwara shi tahi abinai, ni ina nan ina gyaran taya."

Akwai kuma alkawari. Tun suna ango da amarya ya ce wa mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, zai kai ta ta ga ruwan da ba a hango ƙetarensa. Shekara arba'in da ɗoriya tana tsokanarsa da wannan magana. In ya cika baki a kan wani abu, sai ta ce, "Malam, ruwan nan dai bai ƙahe ba ko?" Sai ya yi dariya har hularsa ta karkace.

Da ya ajiye aiki, ya juya bayan wata tsohuwar kalanda ya zana hanya da jan biro, ya manna a bangon zaure. Argungu, Birnin Kebbi, Yawuri, Kwantagora, Jebba, Ibadan, sai Legas, wadda shi har ya rasu Ikko yake ce mata. Daga can layin ya kwanta ya bi gefen teku: Badagiri, iyaka, Kwatano, Lome. A kowane gari ya zana 'yar bishiyar kwakwa, ko da yake ta fi kama da tsintsiya. Abokin shirinsa shi ne Oga Bitrus, makaniki, Kirista mutumin Filato, wanda ya fi shekara talatin da gareji a Birnin Kebbi. Shi ke kula da tsohuwar farar motar Baba, shi ne kuma zai karɓe shi tuƙi a hanya. Duk Asabar sai ya zo, su tsaya gaban kalandar nan suna gardama. Oga Bitrus yana son a kwana biyu a Badagiri a ci kifin teku. Baba kuwa ya dage sai ya tafi da babbar gorarsa ta kamun kifi, ya kifa ciki a kanta ya gwada ruwan.

"Malam, wannan ba gulbin ku ba ne fa," in ji Oga Bitrus. "Igiyar ruwa ɗaya, sai dai mu ji labarinka a rediyo."

"Kai dai tuƙa mota," in ji Baba. "Ruwa bai san baƙo ba in ɗan masunta na."

Ya sa Inna ta je aka ɗauki hotonta na fasfo, aka yi mata allurar rigakafi, ta kwana biyu tana yi masa mita a kan hannunta. Komai ya kammala. Abu ɗaya ne Baba bai saka cikin shirinsa ba, shi ne mutanen garinmu.

A wurinmu ba a tafiya hannu sake. Da an ji za ka yi nisa, sai sallahu. Ashe babu garin da ke kan kalandar nan da ba mu da ɗan ci-rani a cikinsa. Wannan tana da ɗa mai sayar da albasa a Legas, wancan ƙanensa na gyaran takalmi a Kwatano, wata jikarta na aure a Lome. Aka fara kawo busasshen kifi, daddawa, kuka, man shanu a kwalba, tabarma, har da turmi ɗan ƙarami. Baba kuwa bai iya cewa a'a ba. Ya sayi littafi mai jan bango, duk wanda ya kawo kaya ya rubuta sunansa da na wanda za a kai wa, da unguwar da za a same shi. In muka yi magana sai ya ce, "Wanda yab ba ka saƙo, kewa tai ya ba ka. Ƙaƙa zan ce mai babu wuri?"

A karon farko, da safiyar tafiya, Inna ta ci ado ta fito da sabon mayafi, ta buɗe ƙofar gaba, ta iske buhun shinkafa zaune a kujerarta. Ta dubi buhun, ta dubi Baba. Ta ce, "To, Malam, ka tahi da shinkahwa ta gano maka teku." Ta juya ta shige gida. Mu muna dariya har da riƙe ciki, amma shi bai yi dariya ba. Ban taɓa ganin kunya a fuskarsa irin ta ranar ba. Motar ma ba ta goyi bayansa ba: da Oga Bitrus ya gwada ta, bayanta ya ja ƙasa tun kafin a fita layinmu. Aka sauke kaya, aka mayar wa kowa da nasa, aka ɗaga tafiya.

A shekara ta biyu wata tsohuwa daga Augie ta roƙe shi ya jira a cire albasarta, don ɗanta ya ci ta gonar gida. Ya jira. Kafin a cire, ciwon ƙafa ya kwantar da shi, sai damina ta shigo. Bana ne ya rantse ba fashi. Aka ƙara wa mota ƙarfe a sama, aka sake taya huɗu, sallahu ya sake cika ɗakin da ke jikin zaure har bakin ƙofa.

Ranar jana'iza na hango Oga Bitrus a gefe, bayan sahu, da kayan aikinsa masu baƙin mai, yana share hawaye da hula. Bai tafi ba sai da kowa ya watse.

Bayan addu'ar uku, Nasiru ya ce kayan mutane amana ne, a ɗauko littafi a mayar wa kowa da nasa. Muka zauna a ɗakin Inna, ni ke karantawa. Rubutun Baba ne manya-manya, kowane suna da ɗan bayaninsa. "A ce mai uwatai ta yahe mai, shi kira ta." "Wagga yarinya ba ta da kowa can, a zamna a ci abinci gidanta." Ashe ba kaya kaɗai ya ɗauka ba. Muna dariya muna kuka har na kai shafin ƙarshe. Layi ɗaya ne a wurin, ya ja masa jan biro sau biyu a ƙasa: "Kujerar gaba ta Inna ta. Ko allura kar a aza."

Inna ta karɓi littafin, ko da yake ba ta karatun boko, ta daɗe tana shafa shafin da yatsa. Can ta ɗago ta ce, "Abin da ka lalacewa a maida ma masu shi. Sauran ba a taɓa shi. In nig gama takaba, mu tahi. Shi yaɗ ɗauki amana, mu ka kai ta."

Da aka gaya wa Oga Bitrus, cewa ya yi, "Mama, mota tana nan, ni ma ina nan." Labari kuwa ya zaga gari. Jiya wata mata ta zo gaisuwar rasuwa, ta yi addu'arta tsaf, sannan ta zaro ƙullin daddawa daga mayafi ta ce tunda an ce tafiya na nan. Inna ta yi dariyar da ba ta yi ba tun ranar Talatar nan, ta ce in rubuta.

Ya Allah, bawanka Umaru ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa shi kamar yadda ya yalwata wa mutane zuciyarsa. Ka ba Inna haƙuri da lafiya, ka haɗa kanmu mu da ya bari, ka saka wa abokinsa da alheri. Ka ba mu ikon sauke amanar da ya ɗauka, gida-gida, har ta ƙarshe. Ka kai Inna bakin ruwan nan lafiya, a kujerar da ya keɓe mata. Amin.