Kadan tafkin bayan Fakku

Hutun bazara nakan bar makaranta a Tambuwal in tafi wajen kakata a Fakku. Bayan gari akwai daji na marke da ƙirya, da wani tafki a gindin dutse wanda shi kaɗai ke riƙe ruwa idan rafuka sun ƙafe. Ban iya hira ba, don haka can nake zuwa da littafina in zauna ƙarƙashin kanya. Zabbin daji ke fara saukowa sha, sai birai, wani lokaci gada guda, tana sha tana waige.

Akwai kada a tafkin. Yawan zama ya sa na san inda yake shan rana, na kuma san raminsa a ƙarƙashin saiwar wani ɓaure.

Wata rana ya ja maraƙin kawuna. Washegari kawu ya zo gida da maharbi, bindiga a kafaɗa.

"Kai, ɗan boko," in ji kawu, "kullum kana can kamar gauraka. Tashi ka gwada muna ramin."

Na sunkuyar da kai. Ban son a kashe shi, ban kuma iya yi wa kawu ƙarya.

Kaka tana tsinke zogale a bakin ɗaki. Ba ta ko ɗago ba ta ce wa kawu, "Gidanga ba a kashin kada. Ubanka bai kashe ba."

"Inna, maraƙi fa ya ci!" in ji kawu.

"Shi ka yashe tabkin da ƙirjinai. Kashe shi, baɗi ka shayar da shanunka da hawaye."

Maharbin ya yi dariya, ya ce shi dai a ba shi goronsa. Kawu ya sake dubana. Na ce na san ramin, kuma yana gefen ɓaure ne. Na ƙara da cewa ta gabas ruwan bai kai gwiwa ba, ƙasan dutse ne, ban taɓa ganin kadan ya bi ta nan ba, shanu za su iya sha a can.

Kawu ya yi tsaki, ya sallami maharbin. Da yamma ya miƙo mini gatari. Muka sari ƙayar farar ƙaya, muka kafa shinge cikin ruwan gabas, muka bar wa shanu mashaya. Kafin mu gama, hannuwana duk sun tsage. Shanun suka sha a nan har ruwan farko ya sauka.